Ƙanena yana shan magani amma ya ƙi fitowa daga ɗaki, me ya rage mu yi?

"Assalamu alaikum Anti. Ina da ƙane ɗan shekara 26, muna zaune a Tudun Wada, Kaduna. Shekara biyu da suka wuce ya fara surutai shi kaɗai, yana cewa ana binsa, yana jin muryoyi. Mun yi na gida har mun gaji, daga baya aka kai shi asibiti, ya yi wata guda a kwance aka sallamo shi da magani. Alhamdu lillahi surutan sun daina, kuma yana shan maganinsa. Amma tun da ya dawo kullum yana ɗaki. Da tela ne, yanzu ko kallon keken ba ya yi. Abokansa duk sun ɗauke ƙafa. Umma ba ta bari ya leƙa ko ƙofar gida, Baba kuma cewa yake zuciyarsa ce kawai ta mutu. Wasu 'yan uwa sun ce a yi masa aure, wasu sun ce a kai shi gidan mari. Ni nake sayen maganin, kuma wallahi na gaji. In dai maganin yana aiki, me ya sa bai warke ba? Me ya rage mu yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ni nas ce a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, na daɗe ina wannan aiki a nan Kaduna, a ɗakin kwanciya da kuma bin marasa lafiya gida bayan sallama. Tambayarki ba baƙuwa ba ce a kunnena. Ba a cika yi mana ita lokacin da ciwo yake kan ganiyarsa ba, domin a lokacin hankalin kowa a tashe yake, ana neman yadda za a samu a yi barci a gidan. Sai an yi wata shida ko shekara da sallama, gida ya yi tsit, sannan wata uwa ko wata yaya za ta ja ni gefe ta ce, "Sista, ya daina surutun, amma fa ba shi ba ne."

Abin da kike tambaya ke nan: an kashe gobara, me ya sa gidan bai koma yadda yake ba? Magani yana da aikinsa, yana kuma da iyakarsa. Shi ne yake kwantar da muryoyin da tsoron nan na cewa ana binsa, kuma kada ku bari kowa ya sa ku daina shi. Amma babu ƙwayar da za ta dawo masa da abokansa, ko ta samo masa masu kawo ɗinki, ko ta matsa masa wuri a kan benci a majalisa. Wannan ɓangaren a hannun mutane yake, kuma ku ne na farko a cikinsu. Sai dai kulawa ma iri-iri ce. Akwai wadda take tayar da mara lafiya tsaye, akwai wadda take ƙara kwantar da shi, alhali duka da kyakkyawar niyya aka yi su.

A fara gano abin da ya zaunar da shi

Ba ki faɗi sunan da likita ya ba ciwon ba, ni kuma ban ga ƙanenki ba, don haka ba zan yanke masa ciwo daga saƙo ba. Alamomin da kika lissafa, jin muryoyi da zargin ana binsa da farawa a shekarun samartaka, sun yi kama da ciwon da likitoci suke kira sikizofiriniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana samun kusan mutum 1 cikin kowane 300. Akwai wasu lalurorin da suke kawo irin wannan, har da shan wiwi da ƙwayoyi. Ranar da za ku koma asibiti ki tambayi likitan sunan ciwon kai tsaye. Haƙƙinsa ne ya sani, ku ma da kuke jinya ya kamata ku sani.

Idan shi ne, to wannan ciwo fuska biyu gare shi. Ɗaya mai hayaniya, ita ce kuka gani da farko, ita ce kuma magani ya fi ƙarfi a kanta. Ɗayar mai shiru ce: mutum ya rasa sha'awar komai, magana ta yi masa nauyi, fuska ta daina nuna murna ko ɓacin rai, wanka ma sai an yi ta bin sa. Daga waje kamar mutuwar zuciya, shi ya sa ba na ganin laifin Baba da ya kira ta haka. Amma ɓangare ne na ciwon, kuma faɗa ba ya warkar da shi.

Yana yiwuwa kuma maganin ne ya yi masa nauyi. Ki lura da shi sosai. Yana tafiya jiki a sandare, hannaye ba sa lilo? Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofi? Yawu yana zubo masa a matashi? Yana barci har azahar? Ya yi ƙiba da sauri? Tsofaffin magunguna irin su haloferidol sun fi kawo sandarewa da rawar hannu, sababbi irin su olanzafin sun fi kawo barci da ƙiba da hawan suga. Tela da hannunsa yake rawa ba zai zura zare a allura ba, kuma ba lallai ya gaya muku dalilin da ya sa ya juya wa keken baya ba. Wannan abu ne da ake gyarawa. Likita zai iya rage yawan maganin, ko ya mayar da shi na dare, ko ya sauya wani. Ku dai kada ku rage da kanku.

Akwai kuma ciwon damuwa da yake biyo baya idan hankali ya dawo, mutum ya duba ya ga sa'o'insa sun yi aure, shagonsa wani ya kama, shi yana jiran yayarsa ta saya masa magani. Wannan lokacin nake jin tsoro fiye da lokacin surutai, saboda a nan ne wasu samarin suke tunanin kashe kansu. Ki tambaye shi a tsanake, ku biyu kawai, ko ya taɓa jin gara ya mutu. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da babu shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi asibiti a ranar, maganin kuma ya koma hannun wani a gidan.

Sai kunya, wadda ba a cika kawo ta a lissafi ba. Mutane suna ɗauka mara lafiya ba ya tuna abin da ya faru. Da yawa suna tunawa sarai. Ya san ranar da aka rirriƙe shi aka tura shi cikin keke napep, ya san waɗanda suka tsaya a bakin layi suna kallo, ya ji yaron da ya kira shi mahaukaci. Fitowa ƙofar gida a wurinsa haɗuwa ce da waɗannan idanun.

Ba sabon ilimi ba ne

Cewa mutane suna cikin maganin wannan ciwo, an nuna shi a aikace a ƙasar nan tun da daɗewa. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle marasa lafiya a asibiti, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan uwansa guda da zai zauna da shi. Da rana su je asibiti a duba su, sauran lokaci suna cikin jama'a, ana cin abinci da su, ana zuwa kasuwa da su. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1960, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara bin masu wannan ciwo a ƙasashe tara, har da Ibadan, aka ga waɗanda ke Ibadan da Agra ta Indiya sun fi samun sauƙi bayan 'yan shekaru a kan na wasu biranen Turai da Amurka da suka fi mu asibitoci. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan sakamako, wasu suna ganin akwai waɗanda suka rasu ko suka ɓace ba a lissafa su ba. Duk da haka, ɗaya daga cikin dalilan da aka fi kawowa shi ne zaman dangi, da kuma cewa a wurarenmu mutum yana iya samun ɗan aikin yi ko da bai gama warkewa ba.

Amma zaman dangi kaɗai bai isa ba, kuma nan ne nake so ki tsaya. Wani mai bincike a Landan, George Brown, ya lura tun ƙarshen shekarun 1950 cewa wasu marasa lafiyar da suka koma gidan iyayensu ciwonsu ya fi saurin tashi a kan waɗanda suka kama haya. Da aka bi diddigi aka gano halaye uku a cikin gida da suke da alaƙa da tashin ciwo: yawan suka, nuna ƙi, da wuce gona da iri wajen kulawa har mutum ya rasa wurin numfashi. An maimaita wannan bincike a ƙasashe da yawa ana samun abu guda. An kuma ga cewa in aka zaunar da iyali aka koya musu ciwon da yadda za su zauna da mai shi, komawa asibiti tana raguwa. Iyali ba su suka jawo ciwon ba, kada Umma ta ɗora wa kanta. Amma iskar da ke kaɗawa a gida tana da tasiri a kan yadda zai tafi.

Umma da Baba

Zan ba ki labarin wani gida da na je, shekarun baya, ba zan faɗi unguwar ba. Saurayi ne kafinta, wata huɗu da sallama. Na same shi a ɗaki a kan katifa, labule a sake, rana tsaka. Na ce masa, "Yaya jiki?" Kafin ya buɗe baki mahaifiyarsa ta ce da sauƙi. Na ce yana samun barci? Ta ce yana samu. Na tambaye shi abin da ya ci da safe, ta ce koko da ƙosai. Tambaya bakwai na yi masa, bakwai ta amsa, shi kuwa idonsa na kan siminti. A bakin ƙofa akwai kofin roba da aka ɗaura wa jan zare a hannu, nasa ne shi kaɗai, kamar ciwon ana ɗauka a baki. An kwashe zarto da guduma an kai gidan kawunsa. Ko tsintsiya ba a bari ya ɗauka. Da na tambayi uwar me ya sa, sai ta dube ni ta ce, "Sista, ai ke kika ce kada mu bari wani abu ya dame shi."

Gaskiya ta faɗa, ni na faɗa mata haka ranar sallama, a tsaye, ina sauri. Tun daga ranar na daina sallamar iyali da wannan maganar. Matar nan ba ta yi komai ba sai bin umarnina da dukkan zuciyarta, ɗanta kuma ya wayi gari ba shi da wani amfani a gidan da aka haife shi.

Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Aka cire zaren daga kofin. Aka ce shi zai riƙa sayo burodi wurin mai shayi da safe, da kuɗi a hannunsa, ya kawo canji. Bayan sati biyu aka ƙara masa ɗauko yaran yayarsa daga Islamiyya. Uwar ta ce min ranar farko a zaure ta tsaya har ya dawo, zuciyarta kamar ta fito. Wata uku bayan nan ya fara zuwa wurin kawun nasa a Panteka, daga safe zuwa azahar, yana goge katako. Ciwon ya sake tashi sau ɗaya bayan shekara, aka kwantar da shi sati biyu, ya fito ya koma aikinsa. Wannan karon ya san akwai inda ake jiransa.

Umma tsoro take ji, ta ga ɗanta a halin da ba ta taɓa zato ba, kuma ta rantse a ranta ba za ta sake gani ba. Kada ki ce mata tana cutar da shi. Ki ce mata a asibiti an ce fita tana cikin magani, ki fara da abin da za ta iya jurewa, ko da zaman minti goma ne a zaure.

Baba kuwa, na sha ganin irinsa. Sau da yawa faɗan nan baƙin ciki ne da bai samu hanyar fita ba. Namiji ya sa rai ɗansa zai ɗauke masa nauyi, sai ya ga ya koma ciyar da shi. Irinsu ba sa jin maganar 'ya mace a kan wannan, don haka ki yi dabara ya raka shi asibiti ko sau ɗaya, ya ji daga bakin likita. Sannan ki nema masa aikin da shi kaɗai zai iya: ya riƙa leƙa ɗakin da magariba ya ce, "Taso mu je masallaci." In ya ƙi, a ƙyale shi, gobe a sake. Ranar da unguwa ta ga uba da ɗa sun jero sun shiga sahu, an rufe bakin mutane da yawa ba tare da an ce uffan ba. A kuma mayar da shi cin abinci kwano ɗaya da maza.

Akwai wata magana da nake roƙon kowane gida su daina. Da zarar mara lafiya ya ɗaga murya ko ya nuna bai yarda da wani abu ba, sai a ce, "Ka sha maganinka kuwa?" Wannan tana kashe mutum a tsaye. Yana da damar ya ji haushi kamar kowa. Mutum ɗaya ya isa ya kula da maganin, a keɓe, ba a gaban baƙi ba. In za a yi masa gyara, mutum ɗaya ya yi, a taƙaice, a kan abu ɗaya: "Ga ruwa can na kai maka, yi wanka mu fita," ya fi a taru a kansa ana lissafa masa kwanakin da bai yi ba.

Abokai da keken ɗinki

Abokansa ba lallai sun ƙi shi ba. Yawancin samari ba su san me za su ce ba ne, wasu kuma a gida aka ja musu kunne. Zumunta a ƙafa take, amma wani lokacin sai an je an taso ƙafar. Ba kya buƙatar majalisa guda, mutum ɗaya mai hankali ya isa. Da izinin ƙanenki, ki same shi ki gaya masa gaskiya: ciwo ne, yana shan magani, ba ya dukan kowa. Kada ki ce "ka riƙa leƙo shi," wannan ba ta kawo kowa. Ki ce ranar Asabar bayan la'asar ya zo su kalli ƙwallo a waya, rabin awa. Gidan kallo mai cunkoso da ihu ya jira tukuna. Abu ɗaya da ba a sassautawa a kai: duk majalisar da ake busa wiwi ko ake haɗiyar ƙwaya, ba tasa ba ce, domin wiwi tana tayar da wannan ciwo ko da mutum yana kan magani.

Sa'arku ɗaya, yana da sana'a a hannu. Ki duba ko an ɓoye almakashi, domin a gidaje da yawa shi ake fara ɓoyewa. In likita ya tabbatar babu tunanin cutar da kai, a fito da shi. A fitar da keken daga ɗaki zuwa inda haske yake, a zuba masa mai. Kada a fara da kaftani. A fara da gyara: rage ƙafar wando, ɗinke rigar makarantar da ta yage, sa maɓalli. Kuma a biya shi kuɗin da ake biyan kowane tela, ba sadaka ba, a gaya masa in ɗinkin ya karkace. Ana gane tausayi, kuma yana da ciwo. In hannu ya faɗa, a nemi tsohon maigidansa ko wani tela a Kasuwar Barci ko cikin unguwa da zai ba shi wuri na rabin yini.

Ki riƙe wannan da kyau tun da tela ne: ɗinkin sallah. Kin san yadda teloli suke kwana a kan keke a goman ƙarshe na azumi, da shayi da goro. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da ciwon nan, kuma na karɓi teloli fiye da ɗaya a satin sallah. Shi ƙarfe goma na dare ya rufe, ko nawa za a ba shi. Azumin kansa ma a tambayi likita kafin wata ya kama, a daidaita lokutan shan magani, in kuma bai iya ba, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Aure, gidan mari, da ruƙiyya

Aure ba magani ba ne. Nauyi ne sabo, ga kuɗin cefane, ga haƙƙin mace, ga surukai, wasu magungunan ma suna rage ƙarfin namiji, abin da samari suke jin kunyar faɗa sai dai su daina shan magani a ɓoye. Na ga auren da aka ɓoye wa amarya ciwon, ta tsinci katin asibiti a aljihu, aure ya mutu kafin wata uku, ango ya dawo mana. Wannan ba ya nufin ba zai yi aure ba. Da yawa cikin waɗanda nake kula da su suna da mata da 'ya'ya, kuma yawancin 'ya'yan masu wannan ciwo ba sa kamuwa da shi. Amma sai ya daidaita, yana da abin hannunsa, shi da kansa yake so, yarinyar da iyayenta kuma sun san gaskiya tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Gidan mari kuwa, ƙanwata, ki tsaya da ƙafarki ki ce a'a. Mu mutanen Kaduna ba ma buƙatar a ba mu labari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyaye da yawa da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare gajiya ce ta kai su, irin wadda kike ji yanzu. Mutumin da ciwonsa yake gaya masa ana binsa za a cutar da shi, in aka ɗaure shi aka doke shi, an tabbatar masa da abin da yake tsoro ke nan, kuma ba zai sake yarda da ku ba. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tabbatar wa mai lalura haƙƙin a mutunta shi, a kare shi daga azabtarwa da nuna bambanci.

Addu'a da ruƙiyya ba na hana kowa, ni ma ina yi wa marasa lafiyata addu'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sharaɗina uku ne: babu duka, babu turnuƙe shi da hayaƙi, babu malamin da zai ce a ajiye maganin asibiti. Malamin da zai zauna ya yi hira da shi, ya ja shi karatu bayan asuba, wannan yana cikin masu jinya.

Ke kuma fa?

Kin ce kin gaji, kuma na yarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suke da bakin cewa a yi aure ko a kai gidan mari, suna da aljihu kuma suna da ƙafa. Ki kira zama, ki ajiye takardar kuɗin magani na wata a gabansu, a raba: wane zai ɗauki wata kaza, wane zai raka shi asibiti, wane zai riƙa zuwa ranar Juma'a su tafi masallaci. Ki gaya wa likita ƙarara cewa kuɗin yana yi miki nauyi, domin akwai magunguna masu sauƙin kuɗi, akwai kuma allurar da ake yi bayan sati biyu zuwa huɗu. Gara mai araha da ba zai yanke ba a kan mai tsada da za a sha wata biyu a tsaya. Manyan asibitoci, irin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da ma'aikatan walwalar jama'a, ki nemi ganinsu. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, shi ya sa 'yan mintuna za ku samu a gaban likita. Ki rubuto tambayoyinki a takarda, ki bar shi ya fara magana da bakinsa. Ki roƙa a riƙa auna masa hawan jini da suga da nauyi, domin masu lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani sukan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, galibi da cututtukan jiki da ba a kula da su ba.

A bencin jiran likita kuma, ki dubi matar da ke kusa da ke. Ita ma wani take jinya. Na ga mata da suka haɗu a wannan benci suka karɓi lambar juna, yau shekaru suna kiran juna in dare ya yi tsawo.

Ba zan yi miki alƙawarin zai koma kamar da ba. Wasu suna komawa, wasu ciwon yana tashi yana kwanciya, wasu kuma shirun nan ba ya barinsu gaba ɗaya ko me aka yi, kuma wannan ba gazawar iyalinsu ba ce. Da watanni ake auna ci gaba a nan. Ku dai sa ido a kan alamun tashi: kwana biyu ko uku babu barci, dariya ko motsa baki shi kaɗai, ƙin abincin gida don zargi, rufe tagogi da rana. In kun ga haka ku koma asibiti da wuri, sau da yawa ana tare shi ba tare da an kwantar ba.

Kafin ki kira zaman 'yan uwa, ki fara shiga ɗakinsa. Ki tafi da shayi kofi biyu, ki zauna a ƙasa, kada ki yi maganar magani. A duk saƙonki na ji ra'ayin Umma da na Baba da na dangi, nasa ne ban ji ba. Ki tambaye shi wa yake kewa a cikin abokansa, da abin da yake so a daina yi masa a gidan. Mai yiwuwa ba zai amsa ba a ranar farko. Ki sha shayinki, ki ce masa gobe za ki dawo, ki kuma dawo.